Abin da iyali za su yi tun daga kwanciyar tsoho jinya har zuwa rabon gadonsa

A ƙasar Hausa tsakanin fitar rai da rufe kabari sau da yawa ba ya wuce 'yan sa'o'i. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, wanda kuma ya cika da dare, da hantsi jama'a sun dawo daga maƙabarta sun zauna karɓar gaisuwa. Wannan gaggawa bin umarnin Manzon Allah (SAW) ne, wanda ya ce a gaggauta jana'iza, kuma zafin ƙasarmu ma bai bar wa kowa damar jinkiri ba. Sai dai duk abin da iyali ba su shirya ba tun tsohonsu yana numfashi, ba za su sami sararin shirya shi a ranar ba. Bashin da ba a tambaya ba, da takardar gonar da ba a san inda take ba, da kyautar da aka yi ba shaida, su ne ke komawa rigima bayan an watse daga zaman makoki. Jagorar nan ta bi al'amarin daki-daki bisa mazhabar Malikiyya, wadda ita ce mafi yawan mutanenmu suke kai, tare da nuna inda aka saɓa idan akwai buƙata.

Mataki na farko: a zauna a raba nauyin jinya

Da zarar likita ya nuna cewa ciwon tsoho na dogon kwanciya ne, kamar shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko ciwon daji da ya yi nisa, ko gigin tsufa, wajibi ne babban ɗa ko wani kawu da ake jin maganarsa ya tara 'ya'ya maza da mata, har da waɗanda suke nesa ta waya. Abin da aka saba gani shi ne nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya ba tare da an yi shawara ba, galibi 'yar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko matar ɗan da ke zaune a gidan gado, ko kuma uwargida wadda ita ma tsufan ya cim mata. Sauran sai su riƙa leƙowa ranar Juma'a da ledar lemo da ayaba, suna ganin sun sauke hakki.

A zaman nan abubuwa uku ake yankewa. A san wanda zai riƙa kwana da majinyaci da wanda zai karɓe shi, domin mai jinyar da ba ya barci ba ya daɗewa bai fara yi wa majinyacin tsawa ba, alhali Allah ya hana a ce wa iyaye ko da "uf" a aya ta 23 ta Suratul Isra'i. A san abin da kowa zai riƙa bayarwa duk wata gwargwadon ƙarfinsa, a damƙa wa mutum ɗaya, shi kuma ya sayi littafi ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Sannan a fayyace tun yanzu ko abin da wani ɗa ya kashe sadaka ce ga mahaifinsa ko rance ne da zai nema a dukiyar gado, domin na sha ganin an zo rabon gado wani ya fito da rasiɗan asibiti na shekara biyu, 'yan'uwa suna cewa ai su ba su san bashi ba ne.

Mataki na biyu: jinyar kanta

Babban abokin gabar wanda ya daɗe a kwance shi ne gyambon kwanciya, wanda yake fitowa a ƙugu da ɗuwawu da duga-dugai da kafaɗu, wato inda ƙashi ke danne fata a kan shimfiɗa. Rigakafinsa shi ne a riƙa juya majinyaci kamar duk bayan sa'a biyu, daga dama zuwa rigingine zuwa hagu, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa da ƙarƙashin ƙwaurinsa, kuma kada a bar shi cikin jiƙaƙƙen zane. Idan ba ya iya riƙe fitsari da bayan gida, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zanin gado, a yi amfani da famfas ɗin manya idan da hali, a wanke a tsane wurin sosai a shafa mai. Duk inda aka ga fata ta yi ja ko ta yi duhu ba ta komawa daidai, to gyambo ne ke sallama, a ɗauke nauyi daga wurin a nuna wa ma'aikacin lafiya. A kiyaye masa mutuncinsa wajen wannan hidima: a rufe ƙofa, a fitar da jikoki, namiji ya kula da namiji, mace da mace, sai fa miji da mata.

Wajen abinci, a zaunar da shi tukuna ko a ɗaga kansa da ƙirjinsa sosai kafin a ba shi kunu ko koko ko fate, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a bar shi a zaune na ɗan lokaci bayan ya gama. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye haɗiya takan yi masa wuya, kuma ɗura masa abu yana kwance kan sa abincin ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, ya jawo ciwon da zai iya zama ajalinsa. Maganin hawan jini da na suga a ba shi yadda aka rubuta, amma idan ya rage cin abinci a sanar da likita, saboda maganin suga a cikin da babu komai yana iya sa mutum ya suma. A guji sayo masa magungunan kashe ciwo barkatai a kemis, domin da yawansu suna ɓata ƙoda suna ƙwaƙule cikin tsoho. Idan zafin ciwo ya kai ga hana shi barci, kamar yadda ciwon daji ke yi, likitocin manyan asibitoci suna da magunguna masu ƙarfi da aka tanada domin haka, kuma neman su ba rashin tawakkali ba ne. Haka nan duk wani jiƙo ko tsimi da masu dubiya za su kawo, a gaya wa likita kafin a haɗa shi da na asibiti.

Ibadarsa ita ce abin da ya fi damun tsoho, kuma addini ya sauƙaƙa masa. Idan ruwa zai cutar da shi ko ba zai iya alwala ba, a ajiye masa dutsen taimama kusa da shimfiɗa. Idan ba zai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, idan ba zai iya ba ya yi a kwance da ishara, kamar yadda Annabi ya koya wa Imrana ɗan Husaini. Azumin da tsufa ya hana shi, a ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana. Wanda kuwa gigin tsufa ya gusar masa da hankali, alƙalami ya sauka daga kansa, don haka kada a tsangwame shi idan ya yi sallar azahar sau uku ko bai yi ba sam. Irin wannan tsoho yakan zargi mai yi masa hidima da sata, yakan kira sunan matattu, yakan nemi a kai shi "gida" alhali yana cikin ɗakinsa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce kuma ba tonon asirin wani mugun aiki ba ne, kamar yadda wasu suke yi wa tsofaffin mata ƙazafi. Ba a gardama da shi, lallashinsa ake yi a juya maganar, a kuma kula da ƙofar gida kada ya fice ya ɓace.

Mataki na uku: maganar da kowa ke gudu

Nan ne mafi yawan gidaje suke kasawa. Ɗa yana jin nauyin ya ce wa mahaifinsa ya faɗi basussukansa, kada a ce yana yi masa fatan mutuwa ko ya ƙosa ya ci gado, ɗan fari kuwa da ma akwai kunya tsakaninsa da iyaye. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a roƙi aminin tsohon ko limamin unguwa ya buɗe maganar, domin abin da ɗa ba zai iya faɗa ba, aboki yana faɗarsa cikin raha. Kuma hujjar tana da ƙarfi, tunda hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. A yi wannan zama tun hankalinsa yana cikakke, a gaban shaidu biyu adilai waɗanda ba magada ba, a rubuta da boko ko da ajami, ya sa hannu ko ya dangwala.

Abin da za a tambaya shi ne bashin da ake bin sa da wanda yake bin mutane, da ajiyar da aka ba shi amana, da gonar da ya karɓa jingina ko ya bayar, da adashin da ya ɗauka bai gama zubi ba, da sauran sadakin wata daga cikin matansa idan akwai, da zakkar da bai fitar ba. A tambayi inda takardun gida da na fili suke, da bankunan da yake ajiya, da abokan da suka yi tarayya a kasuwanci. Bashi shi ne kan gaba, saboda Annabi ya ƙi yi wa wani mamaci salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya masa.

Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, wato kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda aka iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga wanda yake da rabo a gado sai in sauran magada sun yarda. Akwai wuri ɗaya da nake ganin ya kamata kowane tsoho ya yi amfani da ita. Jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa ba su da gado muddin kakan ya bar ɗa namiji, ko da kuwa a hannunsa suka tashi. Tunda ba magada ba ne, wasiyya ta halatta gare su, kuma hanya ce da marayun nan za su sami wani abu ba tare da sun jira tausayin baffanninsu ba.

Kyauta kuma a yi hattara da ita. A Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya mallake ta tun mai bayarwa yana da lafiya. Idan uba ya ce ya ba wance gida amma ya ci gaba da zama a ciki yana karɓar haya har ya rasu, alƙali zai iya mayar da gidan cikin gado. Abin da mutum ya bayar kuwa yana cikin ciwon ajali, hukuncin wasiyya yake ɗauka.

A wannan zaman ne kuma ake neman yafiya. Idan akwai ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji, a aika a kira shi.

Mataki na huɗu: idan alamu sun bayyana

Kusantowar wa'adi tana da alamun da masu jinya suka sani. Majinyaci zai daina sha'awar abinci da ruwa, barcinsa zai yawaita, fitsari zai ragu, hannuwa da ƙafafu za su yi sanyi, numfashi zai riƙa yankewa yana dawowa, wani lokaci da kakari a maƙogwaro. A wannan hali kada a matsa masa da ɗura, ya isa a riƙa jiƙa masa leɓe da auduga ko tsumma mai tsabta, a kwantar da shi ta gefe. Idan a asibiti ake, babba a cikin iyali ya tambayi likita gaskiyar magana, domin idan an tabbatar babu sauran abin yi, tsofaffi da yawa sun fi son su cika a ɗakinsu, kuma bai dace a sayar da gonar marayu a kan abin da likita ya riga ya ce ba zai canza komai ba. Idan kuma akwai fata, kada tsadar magani ta sa a fake da cewa tsufa ne.

A rage mutane a ɗakin, a bar masu natsuwa. A fuskantar da shi alƙibla a kan gefensa na dama idan hakan ba zai wahalar da shi ba. Sai wanda ya fi so ya zauna kusa da kansa yana faɗin "La ilaha illallah" a hankali yadda zai ji, ba tare da ya ce masa "faɗi" ba, kada zafin gargara ya sa ya ƙi. Idan ya furta sau ɗaya a ƙyale shi, sai in ya sake wata magana ta duniya. Ana kyautata zaton ji yana daga cikin abin da ke jimawa bai gushe ba, saboda haka ba a maganar likkafani ko gado a kansa.

Idan rai ya yi halinsa, a yi istirja'i, wato a ce "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", a rufe masa idanu, a ɗaure haɓarsa da ƙyalle zuwa ka kada baki ya buɗe, a miƙar da hannuwa da ƙafafu tun jiki bai sandare ba, a lulluɓe shi. Amma kafin a buga waya ko ɗaya, a kira ma'aikacin lafiya ya tabbatar, domin dogon suma, musamman na mai ciwon suga, yana kama da mutuwa ga wanda bai sani ba, kuma gaggawar da aka yi umarni da ita bayan tabbaci ce. Hawaye ba laifi ba ne, Annabi ma ya zubar ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi. A sanar da makusanta baki da baki ko ta waya kafin wani yaro ya sa hoton a Facebook ko WhatsApp, kada 'yar da ke aure a wani gari ta tsinci mutuwar mahaifinta a can.

Mataki na biyar: sutura

Nan take a raba aiki: mutum ɗaya ya tafi wajen liman da mai unguwa a tsayar da lokaci, ɗaya ya tafi maƙabarta, ɗaya ya sayo alawayyo ya kai wa tela, ɗaya ya nemo makara daga masallaci da motar ɗaukar gawa idan wurin da nisa. A manyan maƙabartu irin su Dandolo a Kano, ko Ɗan Marna a Katsina, ko Gudu a Abuja, akwai masu haƙa da suke zaune a wurin, kuma hakkinsu ne a sallame su da kyau, domin yawancinsu da abin da aka ba su suke ci. A ƙauye matasan gari ne suke haƙawa. Idan a asibiti aka rasu, a sa ma'aikata su cire robar fitsari da allurar ƙarin ruwa, a kuma karɓi takardar shaidar rasuwa kafin a fito.

Namiji maza suke yi masa wanka, mace kuma mata, amma miji yana iya wanke matarsa, mata ma tana iya wanke mijinta. A zaɓi mai amana wanda ba zai faɗi abin da ya gani ba, ya sa safar hannu ta roba. A rufe al'aurar mamaci da zane, a ɗan ɗaga shi a matsa cikinsa a hankali, a yi masa tsarki da ƙyalle a naɗe a hannu, a yi masa alwala, sannan a wanke gefen dama kafin na hagu. Ana wankewa wutiri, sau uku ko biyar ko bakwai gwargwadon buƙata, da ganyen magarya ko sabulu, a sa kafur a ruwan ƙarshe, kamar yadda Annabi ya umarci Ummu Aɗiyya da matan da suka wanke 'yarsa. Gashin mace a tsefe shi a wanke a yi masa kitso uku. Akwai togaciya guda mai muhimmanci: wanda zazzaɓin Lassa ko kwalara ya yi ajalinsa, jikinsa yana iya harbin masu wanka, don haka a bar jami'an lafiya su jagoranci suturar, kuma malamai sun yarda da hakan saboda lalura.

Wajibin likkafani shi ne abin da zai rufe jiki. Malaman Malikiyya sun so namiji ya sami guda biyar, wato riga da rawani da gyauto da mayafai biyu, mace kuma bakwai, wato riga da lulluɓin kai da zane da mayafai huɗu, amma Annabi kansa a cikin fararen tufafi uku aka sa shi, don haka wanda ba shi da hali kada ya ci bashi a kan wannan. A turara likkafanin, a sa turare a gaɓoɓin sujada, a ɗaure ta kai da tsakiya da ƙafa.

Sallar gawa kabbara huɗu ce a tsaye, babu ruku'u babu sujada, ana addu'a ga mamaci bayan kowace kabbara, sannan sallama ɗaya. Malikiyya ba sa karanta Fatiha a cikinta, wasu mazhabobin suna karantawa bayan kabbarar farko, kuma duk wanda liman ya bi salla ta yi, ba abin ta da jijiyar wuya ba ne a gaban makara. Ana kauce wa lokacin fitowar rana da faɗuwarta. Kafin a tayar, wani daga dangi ya yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ko wanda mamaci ke bi ya ga wane, a ambaci sunan mutum ɗaya tak.

A kabari makusanta ne suke shiga su karɓe shi, su kwantar da shi a kan gefen dama yana fuskantar gabas, suna cewa "Bismillahi wa ala millati Rasulillah", su sassauta ɗaurin likkafani. Idan mace ce a yi mata rumfa da zane yayin sakawa. A jera itace ko fasassun tukwane a rufe, a toshe kafofi da cuɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura ƙasa a yayyafa ruwa. Kada a yi saurin juyawa, a tsaya a roƙa masa gafara da tabbata wajen tambaya. Wani daga 'ya'ya ya lura da wurin sosai, domin a maƙabartun birni bayan damina ɗaya kabari yana ɓacewa, kuma yana da kyau a koma a gyara shi idan ruwa ya zaftare.

Zaman makoki da takaba

Kwana uku ake zama, maza a ƙofar gida, mata a ciki, masu zuwa suna cewa "ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan". Sunna ita ce maƙwabta da dangi su kawo wa gidan mutuwa abinci, kamar yadda Annabi ya ce a yi wa iyalan Ja'afar, amma yau an juya abin, gidan da aka yi wa rashi shi ke ɗora tukunya yana hayar rumfa da kujeru. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da gumba da waina da ake rabawa, al'ada ce da malamai suka saɓa a kanta, wasu suna ganin sadaka ce da addu'a, wasu kuma, musamman na Izala, suna ganin ƙayyade ranakun bidi'a ne. Duk ɓangaren da gida yake, abu ɗaya babu saɓani a cikinsa: ba a taɓa dukiyar mamaci a yi wannan hidima idan akwai marayu ƙanana a cikin magada. Mai son yi ya ciro daga aljihunsa.

Matar mamaci tana shiga takaba daga ranar rasuwa, wata huɗu da kwana goma da lissafin watan Musulunci, bisa aya ta 234 ta Suratul Baƙara, mai ciki kuma sai ta haihu. Za ta bar ado da turare da lalle da kwalli, ta riƙa kwana a gidan da mijin ya bar ta, amma tana iya fita da rana don asibiti ko aiki ko wata buƙata. Hana ta wanka ko hana ta magana da mutane da ake yi a wasu wurare ba shi da tushe. Idan gidan na mijin ne ko ya riga ya biya haya, tana da hakkin zama har ta gama, saboda haka ba a tashinta don an sami mai saye. A sa ido a kan tsohuwar da ta yi shekara arba'in ko hamsin da mijinta, domin bayan baƙi sun watse ne kaɗaici ke kama ta, ta daina ci, ta manta da maganinta. A bar mata jika ko 'ya da za ta riƙa kwana da ita.

Mataki na ƙarshe: takardu da gado

A Nijeriya Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke rajistar mutuwa bisa dokar 1992, kuma tana da jami'ai a ƙananan hukumomi, a Nijar kuwa ana zuwa ofishin magajin gari. Mutanenmu ba su damu da wannan takarda ba sai ranar da banki ya nema. Idan mutuwar ta haɗari ce ko akwai shakku a kanta, a sami rahoton 'yan sanda. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar kotu ta izinin kula da dukiyarsa, kuma wanda mamaci ya rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci ba shi ne mai kuɗin ba, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Ɗan da ya san lambar sirrin katin mahaifinsa kada ya cire ko kwabo bayan rasuwa ba da sanin magada ba, domin daga fitar rai kuɗin ya zama na dukan magada. Idan mamaci ma'aikaci ne da ya rasu yana bakin aiki a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ban da abin da ke asusun fanshonsa akwai inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, kuma iyalai da yawa ba su san su nema ba.

Dukiya tana fita bi da bi: kuɗin sutura, sannan bashi, sannan wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. A ƙirga komai a rubuce a gaban wakilin kowane ɗaki, a ware kayan da na matan ne na kansu, a sa masana su yi wa gida da gona da dabbobi kuɗi, sannan a kira malamin da ya san ilimin gado ko a je kotun shari'a. A misali, mutum ya bar naira 2,400,000 bayan an fitar da komai, ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, naira 300,000, kuma ko su huɗu ne wannan tumunin za su raba. Mahaifiya tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, naira 400,000. Ragowar naira 1,700,000 a kasa ta biyar, kowane namiji ya ɗauki 680,000, macen ta ɗauki 340,000.

Kada a jinkirta rabo da sunan kunya ko riƙe zumunci. Gidan da aka bari shekara ashirin ba a raba ba, wasu magadan sukan mutu a shigo da nasu magadan, babban wa yana cin haya shi kaɗai, 'yan'uwa mata suna gidajen aure suna jin nauyin tambaya, alhali rabonsu a gona da gida daidai yake da ƙarfin rabonsu a kuɗi, ba a musanya musu shi da buhun gero duk kaka sai da yardarsu. Idan magada suna son su ci gaba da zama tare, a fara fitar wa kowa kasonsa a rubuce da shaidu, sannan wanda ya ga dama ya bar nasa a haɗe. Idan matar mamaci tana da ciki a dakata har ta haihu. Rabon yara ƙanana kuma a damƙa shi ga wasiyyin da uban ya naɗa ko wanda alƙali ya zaɓa, a rubuta adadinsa, a ba mahaifiyarsu kwafin takardar ta ajiye har su mallaki hankalin kansu.